Yadda Ake Saƙa Rigar Sanyin Jariri a kan Salon Gida

A kowace shekara, da zarar an gama yankan gero, an ɗaure dammuna an kai rumbu, iskar hunturu kuma ta fara kaɗowa daga arewa maso gabas da hazonta, sai 'yan mata da amare su fara sallama a gidanmu nan Barkiya, cikin ƙasar Kurfi, kowace da dunƙulen zare ƙulle a bakin gyale. Wannan tana da cikin wata 7, waccan yayarta ce ta kusa sauka, muradinsu kuwa ɗaya, wato su koyi rigar sanyin jariri irin wadda aka san gidanmu da ita. Na daɗe ina koyarwa da baki da hannu, har na lura kuskuren da ta bara ta yi shi ne ta bana take maimaitawa: zaɓen zare da ido kawai, tsallake gwaji saboda ɗoki, da ƙuntata wuyan riga. Shi ya sa na ga wajibi ne in tsara bayanin bisa tartibi, in kuma faɗi hikimar kowace ƙa'ida, domin wadda ta san dalilin abu ba ta cika sakaci da shi ba.

Asalin salon daga kakata ne, Allah ya jiƙanta ya yi mata rahama. Gwanar kaɗi ce, wadda ta tashi da gurza da shiɓa da mazari, ba ta kuwa riƙe tsinken saƙa ba sai da ta manyanta, a shekarun 1950, zamanin Yaƙi da Jahilci, lokacin da wata malama ta nuna mata. Da yake ba ta karanta takardar saƙa, sai ta raɗa wa kowane zubi suna daga gona. Layin da ya taso ya miƙe daga gefe zuwa gefe ta kira shi kunya, wanda ya fito tsaba-tsaba kuma ta kira shi tsabar gero. Rigar da ta saƙa wa mahaifina tana nan a ƙasan akwati, ta koɗe, gwiwar hannu ɗaya ta lalace, amma ita ce littafinmu, a jikinta muke ƙirga ido da layi. Ido a bakinmu shi ne kowane madauki da ke kan tsinke.

Mutane da yawa suna ɗaukar wannan sana'a ta Turawa ce tun asali, alhali kuwa mafi tsufan kayan saƙar tsinke da masana suka samu safa ce ta auduga daga ƙasar Misra, ta wajen ƙarni na 11 zuwa na 13 na Miladiyya, fari da shuɗi, waɗansu har da ado mai kama da rubutun Larabci. Abin da ya hana ta kafuwa a ƙasar Hausa da wuri, a ganina, shi ne tumakinmu, da Uda da Balami da 'Yankasa, masu gashi ne, ba su ba da ulu. Zarenmu auduga ce, irin wadda ake nomawa wajen Funtuwa da Malumfashi, ita kuwa ta tafi hannun masaƙa, ta zama gwado da luru da saƙi.

Kayan aiki

Zare matsakaici mai laushi, dunƙule 3 masu giram 50 kowanne. Tsinken saƙa masu kaurin milimita 4 guda 2, da masu milimita 3.25 guda 2. Tef ɗin awo irin na tela, almakashi, allura mai faɗin kafa da dakusasshen baki, kwarashi 1, manyan fil 2 masu rufewa, da maɓallai 3 shafaffu marasa kaifi.

A kan zare ne zan tsaya, domin nan ake fara ɓata aiki. Galibin abin da ake sayarwa da sunan ulu, a kasuwar Dutsin-Ma ko ta Katsina ko Kano, zaren roba ne da aka yi a masana'anta. Ba laifi ba ne a yi amfani da shi, yana da araha, yana jure wanki, sai dai wajibi ne ki san abin da ke hannunki. Yanki ɗan guntu ki kusanta shi da ashana a tsakar gida. Ulu na haƙiƙa yana warin ƙonannen gashi, ya bar baƙin abin da ke murmushewa tsakanin yatsu. Auduga takan ci da wuta ta bar toka mai laushi. Zaren roba kuwa narkewa yake yi, ya dunƙule ya yi tauri. Ki riƙe wannan narkewa a zuciya, za mu komo kanta. Bayan haka ki goga zaren a wuyanki, inda fata ta fi laushi, in ya yi miki ƙaiƙayi ki ajiye shi komai kyan launinsa. Ki guji mai gashi-gashi da ke tashi, saboda jariri yana tsotsar hannun rigarsa. Ki kuma sayi dunƙulen 3 a lokaci ɗaya, kina duba lambar rini da ke jikin takardar ta zama iri ɗaya, domin launi biyu da suka yi kama a inuwar rumfar kasuwa sukan bambanta a hasken rana, a tsakiyar ƙirjin riga.

1. Gwaji

Wannan shi ne matakin da kowace sabuwar hannu take ganin ɓata lokaci ne, shi ne kuma sharaɗin ingancin dukan abin da zai biyo baya. Ɗora ido 28 a kan tsinke mai milimita 4, ki saƙa layi ɗaya gaba, layi ɗaya baya, har tsawon ya kai santimita 12, ki rufe, ki wanke ɗan ƙyallen, ki bar shi ya bushe a shimfiɗe. Sannan ki aza tef a tsakiyarsa ba tare da kin ja ba, ki ƙirga ido nawa ne cikin santimita 10. Lissafin da ke cikin wannan jagora an gina shi ne a kan ido 22, da layi kamar 30.

Hikimar abin ita ce, adadin da kakata ta bar mana adadin hannunta ne da zarenta. Wata tana matse zare, wata tana sake shi, har ma mace ɗaya hannunta yakan canza tsakanin ranar da take cikin natsuwa da ranar da ranta yake ɓace. In kin samu ido 24, hannunki ya matse, ki koma tsinke mafi kauri. In 20 kika samu, ki koma mafi siriri. Kada ki ce ido 2 ba wani abu ba ne, domin mai ido 24 da ta bi lissafin nan yadda yake, za ta tarar rigarta ta ragu da wajen santimita 4 a kewayen ƙirji, jariri kuwa a watanninsa na farko kullum ƙaruwa yake yi.

2. Ɗora ido da saƙa bakin riga

Za mu fara da bayan riga. A kan ƙaramin tsinke ki ɗora ido 55, wanda zai ba da faɗin santimita 25, kewayen ƙirji ya zama 50, awon da zai ɗauki jariri tun daga ranar suna har ya wuce wata 3 da yardar Allah. Ki ɗora su sakwa-sakwa, in kuwa kin san hannunki da matsi, ki ɗora a kan babban tsinke sannan ki koma ƙarami, saboda bakin da ya yi tauri yana danne cikin jariri bayan ya ƙoshi. Sai ki saƙa abin da masu saƙa ke kira roba, ido ɗaya gaba, ido ɗaya baya, har santimita 3. Ƙa'idar roba mai sauƙi ce: idan kin juyo, idon da ya fuskance ki da siffar gaba ki saƙa shi gaba, wanda ya fuskance ki da ƙullin baya ki saƙa shi baya. Fa'idar ƙaramin tsinke a nan ita ce ya sa bakin ya kama jiki, iska ba ta shiga ta ƙasa ba.

3. Salon kunya da tsabar gero

Koma babban tsinke. Salon layi 14 ne, ana maimaita shi har ƙarshe.

Layi na 1 zuwa na 6, fili ne: layi ɗaya gaba, layi ɗaya baya. Layi na 7 da na 8, duka gaba, sai ki ga kunya ta taso a fuskar riga. Layi na 9 zuwa na 12, tsabar gero: ido ɗaya gaba, ɗaya baya, ki fara da gaba ki ƙare da gaba a kowane layi. Layi na 13 da na 14, duka gaba, kunya ta biyu ke nan, wadda ta rufe geron kamar yadda ta farko ta buɗe shi.

A tsabar gero ne hannu yakan ruɗe, domin ta yi kama da roba wajen motsi, alhali kishiyarta ce wajen hukunci: a nan idon da ya fuskance ki da siffar gaba baya za ki saƙa shi, na baya kuma gaba. Wannan ne dalilin da ya sa muka zaɓi 55, adadin da ba ya rabuwa biyu daidai, saboda da shi kowane layi yakan fara iri ɗaya, ba sai kin yi ta tunani ba. Idan kin ga tsabar ta fara jeruwa tsaye kamar roba, to ido ya ƙaru ko ya ragu, ki tsaya nan take ki ƙirga. Ni dai ra'ayina, mai koyo ta ƙirga idonta a ƙarshen kowane layi na 14, ta kuma ja ɗan zane a takarda duk layin da ta gama, domin a gidan da ake kiran mace daga murhu zuwa rijiya, ba a dogara da tunawa. Idan ido ya zame daga tsinke ya gangara, kada ki warware aikin duka, sa kwarashi ki kamo shi, ki hau da shi zare bayan zare har ya koma mazauninsa.

Akwai abubuwa na kiyayewa da hunturu ke jawowa. Kaushin hannu yana kama zare ya tsittsinka shi, don haka ki shafa man kaɗe da dare, ki wanke hannu kafin ki taɓa aiki. Ki sa dunƙulen cikin ƙwarya ko kwano, kada ya yi ta birgima cikin ƙura. Idan zare ya ƙare, ki haɗa sabo a gefen layi, ki bar jela kamar tsawon yatsa a kowanne, kada ki ƙulla a tsakiya, domin jaririn da aka goya da majanyi yana manne da bayan uwarsa sa'o'i, ƙulli ɗaya kuwa ya isa ya yi masa shaida a fata. Idan za ki tashi, ki gama layin da kike kai, ki cusa bakin tsinken cikin totuwar masara, ki ɗora sama inda yaro mai rarrafe ba zai kai ba.

Da tsawon ya kai santimita 15 daga farko, ki ɗaura guntun zare mai wani launi a gefe da gefe, nan ne hammata. Ci gaba har santimita 25. Ido 16 na kafaɗar dama ki rufe su, 23 na tsakiya ki zuba su a fil, 16 na kafaɗar hagu kuma ki ƙara musu layi 6 duka gaba kafin ki rufe, wannan ɗan harshe shi ne mazaunin maɓallai.

4. Gaba da yankan wuya

Gaban riga kamar bayanta yake har santimita 21. Daga nan ki raba: ido 21 a gefe, 13 na tsakiya a fil, 21 a ɗaya gefen. Kowane gefe ana saƙa shi shi kaɗai, kina haɗa ido 2 ki saƙa su tare a bakin wuya, layi 5 a jere, har su koma 16. Gefen dama ki miƙe da shi har ya yi daidai da baya, ki rufe. Gefen hagu kuwa layi 6 na ƙarshe ki yi su duka gaba, a cikin na 3 ki buɗe ƙofar maɓalli 2, wato ki zagaya zare a kan tsinke sau ɗaya, sannan ki haɗa ido 2 na gaba da shi. Dama da hagu a nan na mai sa riga ne, ki lura da kyau kada harshen baya ya faɗo a wata kafaɗa, ƙofofin gaba a wata.

5. Bakin wuya

In da za a ce in zaɓi mataki ɗaya da zan tsaya a kan mai koyo har ta gama, wannan zan zaɓa. Allah ya halicci jariri da kai babba bisa ga jikinsa, kewayensa wajen santimita 35 ranar haihuwa, ya kai wajen 40 cikin wata 3, ga maɗiga ba ta rufe ba, ga wuya bai yi ƙarfin ɗaukar kan ba. Wata yarinya da na koya wa ta taɓa kawo mini riga da safiyar ranar suna, idanunta cike da hawaye. Aikin ya yi kyau ƙwarai, kunya ta miƙe, gero ya fito, amma ta ɗinke kafaɗa biyu duka saboda ta ga maɓalli wahala ne, ta kuma rufe wuyan da matsi. An gwada sa wa yaron, rigar ta tsaya a goshinsa, yana ta tsala kuka, kakarsa ta ce a cire. A zaune muka warware wuyan ni da ita, baƙi suna shigowa, ba ta samu sa masa ba sai bayan kwana 2.

Ga yadda ake yi. Ɗinke kafaɗar dama kaɗai. Da ƙaramin tsinke, fuskar riga tana kallonki, ki tsinto ido tun daga bakin kafaɗar hagu ta gaba, ki gangara, ki kwashe 13 na fil, ki hau ɗaya gefen, ki kwashe 23 na baya, ki ƙare a bakin harshen maɓallai, jimla kamar 65. Saƙa roba santimita 2, ki buɗe ƙofar maɓalli ta 3 a tsakiyarta, daidai da sauran. Wajen rufewa ki ɗauko babban tsinke, ki saki hannu sosai. Kafin ki yanke zare, ki sa hannuwanki biyu cikin wuyan ki buɗe, in kin ji bakin ya tsaya kamar igiya bai miƙe ba, ki warware layin rufewar ki sake. Kada kuma ki zura igiya ko ribon a wuya da sunan ado, ko a riga ko a hula, domin abin da zai iya zagaye wuyan jariri yana barci ba ya halatta a jikin tufarsa.

6. Hannuwa

Aza harshen gaba a kan na baya a kafaɗar hagu, ki kama su da ɗinki 2 ko 3 a gefen hannu. Da babban tsinke ki tsinto ido 45 tsakanin alamomin hammata biyu. Ki saƙa fili, kina rage ido 1 a farko da 1 a ƙarshen kowane layi na 6, sau 6, su koma 33, sannan roba santimita 2 da rabi da ƙaramin tsinke. Mu a gidanmu kunya ɗaya kawai muke sa wa hannu, dab da roba, domin hannun da ya yi kauri yana hana yaro motsi. Hannu na biyu ki ƙirga layinsa, kada ki auna da ido.

7. Haɗawa

Ɗinke gefe da ƙarƙashin hannu da allurar nan mai dakusasshen baki, wadda ke ratsa tsakanin ido ba ta tsaga zare, kina daidaita kunyar gaba da ta baya su haɗu kai da kai. Kada ki ja ɗinkin ya fi jikin rigar tauri. Kowace jelar zare ki saƙala ta ta ciki kamar santimita 5, ki komo da ita kaɗan, sannan ki yanke. Bayan haka ki juya rigar, ki zura yatsunki cikin hannuwa a hankali kina laluben duk wani madauki da ya yi tsawo, saboda zare ɗaya yana iya naɗe yatsan jariri ya hana jini gudu, shi kuwa ba shi da bakin faɗa sai kuka. Maɓallai ki ɗinka su da zaren ɗinki ninki biyu, ki ja kowanne da ƙarfi ki gani, ki kuma riƙa duba su bayan kowane wanki, domin abin da ya tsinke a kafaɗar jariri bakinsa yake nufa.

8. Wanki da sawa

Kada riga ta taɓa jikin jariri sai an wanke ta, saboda ta sha ƙura da gumin hannu na makonni. Ruwa mai ɗumi kaɗan, sabulu marar ƙarfi, a matse a hankali ba tare da murɗawa ba, a shimfiɗa a kan tsabtataccen zane a inuwa. Rataya ta a igiya tana jiƙe yana sa ta zazzago ta ɓata awo, dutsen guga kuwa yana kashe zaren roba, ba ya kuma dawowa.

Yanzu mu koma kan narkewar nan. Al'adarmu ce a sa kaskon garwashi a ɗakin mai jego lokacin ɗari, zaren roba kuwa idan wuta ta taɓa shi narkewa yake yi ya manne da fata, ƙunarsa ta fi ta auduga muni. Jaririn da ke sanye da irin wannan riga a nisanta shi da kasko da fitilar ƙwai, kada kuma a rufe ɗaki ruf da garwashi a ciki, domin hayaƙinsa da ba a gani yana kisa. A sa masa 'yar rigar auduga daga ciki, musamman kafin cibiya ta faɗi ta warke. Sanyin ƙasarmu na dare ne da asuba, a watan Disamba da Janairu awon zafi yakan sauka ƙasa da digiri 15, amma da hantsi ya ɗaga sai rana ta buɗe. Ki riƙa sa yatsa a ƙeyar yaron, in kin ji gumi ki cire masa rigar. In kuwa kin ga yana numfashi da sauri, ko haƙarƙarinsa yana lotsawa, ko ya ƙi kama nono, to wannan ya wuce maganar tufa, a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba.

Idan kin gama, 'yata, ki rubuta a littafi irin zaren da kika yi aiki da shi, da kaurin tsinke, da adadin idon da hannunki ya bayar, ki ajiye ƙyallen gwajin tare da shi, domin ranar da ƙanwarki ko 'yarki za ta nemi salon a wurinki. Mai hannu matsakaici, tana saƙa bayan azahar da bayan isha, takan gama rigar cikin mako 2 zuwa 3, saboda haka wadda take sa ran haihuwa a Disamba ta sayi zarenta tun watan Oktoba.